MAN GOGE BAKI: A KARANTA KWALI KAFIN A MIƘA KUƊI

A yau Filin Mata zai taɓo wani abu da ake saye kusan a kowane gida, amma da wuya a sami wadda ta tsaya ta yi tunani a kansa. Wannan abu kuwa shi ne man goge baki, wanda yawancinmu muke kira makilin, ko da wane kamfani ne ya yi shi. Idan na gida ya ƙare, abin da aka saba shi ne a miƙa wa yaro kuɗi a ce ya ruga wajen mai tebur ya sayo. Wanda ya kawo shi ke nan, da shi maigida zai goge, da shi uwargida za ta goge, da shi za a goge wa ɗan shekara biyu. Alhali kuwa wannan uwargida da kanta, in atamfa za ta saya, sai ta juya ta ciki da waje, ta murza, ta tambayi ko tana zuba. To, zane ana sake wani, amma haƙorin babba idan ya fita ya fita ke nan.

Kada a ɗauka maganar ƙarama ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 ya nuna cewa mutane wajen biliyan uku da rabi ne ke fama da cututtukan baki da haƙora, wato kusan rabin mutanen duniya. Wadda ta taɓa kwana zaune da tagumi saboda ciwon haƙori ba ta bukatar a yi mata dogon bayani. Ciwo ne mai hana ci, mai hana barci, mai hana yarinya sauraron malami a aji. Kuɗin cike haƙori ɗaya ko cire shi a asibiti kuwa zai sayi man goge baki na watanni da yawa. Rigakafi, in ji masu magana, ya fi magani.

ABIN DA KE CIN HAƘORI

Tun muna yara muke jin ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har akwai masu yawo a kasuwa suna turara wa mutane hayaƙi a baki suna nuna musu wai ga tsutsar ta faɗo. Babu wata tsutsa a cikin haƙori. Abin da ke faruwa shi ne, akwai wata dauɗa mai yauƙi da ke taruwa a jikin haƙora kullum, musamman a gindinsu da tsakaninsu. A cikin wannan dauɗa akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Duk lokacin da aka sha zaƙi, alewa ce, ko cingam, ko biskit, ko lemon kwalba, ko zoɓo da kunun da aka labta wa sukari, sai ƙwayoyin nan su ci nasu rabo, su fitar da wani ruwa mai tsami. Wannan tsami ne ke zaizaye farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, kaɗan kaɗan, har ya huda shi ya yi kogo. Ɓawon nan ya fi kowane ƙashi a jikin mutum tauri, amma idan ya rarake jiki ba ya iya tofo da wani.

Allah cikin ikonsa ya sa yawun bakinmu yana gyara ɓarnar tun tana ƙarama, yana mayar wa haƙori abin da tsami ya kwashe. Matsalar tana zuwa ne idan ɓarna ta fi gyara yawa, kamar a bakin yaron da tun safe har dare alewa ba ta barin kuncinsa. A nan ne man goge baki na kirki yake da rana.

MAGANA TA FARKO: FULORAID

Abu na farko da za a duba a jikin kwali, kafin ƙamshi, kafin launi, kafin hoton mai murmushi, shi ne ko man yana ɗauke da sinadarin fuloraid. Da Turanci za ki ga an rubuta Fluoride. Shi ne ke taimaka wa yawu wajen gyara ɓawon haƙori, yana kuma ƙara masa ƙarfin jure tsami. Sauran abubuwan da ke cikin man, kamar na sa kumfa da na sa sanyi a baki, 'yan rakiya ne.

Yadda aka gano amfaninsa abin sha'awa ne. A shekarar 1901 wani likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya sauka a wani gari na jihar Kolorado a Amurka, ya tarar da mutanen wurin haƙoransu duk sun yi dabbare-dabbare, amma kuma ba su cika yin kogo ba. Sai a 1931 aka gano cewa yawan fuloraid ne a ruwan da suke sha. Daga nan masana suka fahimci cewa kaɗan daga cikinsa kariya ne, mai yawa kuma ɓarna ne. A tsakiyar shekarun 1950 aka fara sayar da man goge baki mai fuloraid a kantuna, a shekarar 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta wadata jama'arta da su.

Akwai lamba da ake rubutawa a jikin kwali ko a bayan robar, tare da haruffa uku, ppm. Wannan shi ne ma'aunin yawan fuloraid ɗin. Abin da ake so shi ne daga 1000 zuwa 1500, kuma yawancin na manya za ki ga 1450. Wanda bai kai 1000 ba kariyarsa ba ta taka kara ta karya ba. Akwai mai ƙarfi sosai, har 5000, amma wannan likita ne kaɗai ke rubuta wa wanda haƙoransa ke yawan ruɓewa. Uwargidan da ba ta yi boko ba kada ta ji kunya, ga 'yarta ko ƙanwarta 'yar makaranta, ta miƙa mata ta karanta. Ai amfanin karatun ke nan.

NA YARA

Wasu iyaye suna cewa haƙoran nono ai zubewa za su yi, don me za a wahala a kansu? Wannan kuskure ne babba. Haƙoran nono guda 20 ne, da su yaro ke tauna, da su yake koyon magana, su ne kuma ke riƙe wa na dindindin gurbi. Idan suka ruɓe suka fita kafin lokacinsu, na bayansu sukan fito a karkace. Ban da haka, wajen shekara shida akwai turamen dindindin da ke fitowa can ƙurya, bayan na nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Uwaye da yawa suna zaton su ma na nono ne, sai a bar su su ruɓe ana jiran famfara, alhali su ne yaro zai tauna da su har tsufansa.

Saboda haka da zarar haƙorin farko ya ɓullo, wajen wata shida, sai a fara goge shi da ɗan ƙaramin buroshi mai laushi. Yaron da bai kai shekara uku ba, a ɗan shafa masa man da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Daga shekara uku zuwa shida, kamar ƙwayar wake ƙarama. Abin nan da ake nunawa a talla, a shimfiɗa man tun daga farkon buroshi har ƙarshensa, dabarar mai sayarwa ce don ya ƙare da wuri. Ko babba ƙwayar wake ta ishe shi.

Uwa ce za ta matsa man da hannunta, ita ce za ta goge wa yaro ko ta tsaya a kansa har ya kai shekara bakwai, ta koya masa tofarwa. A ajiye robar inda hannunsa ba ya kaiwa, domin na yara ana sa masa zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace, wani yaron in ya samu tsotsewa zai yi kamar alewa. Kuma kada hoton zomo ko na ɓera a jikin kwali ya ruɗe ki. Shi ma a juya shi a duba lambar, don akwai na yara da ba su da fuloraid ko kaɗan.

Dalilin da ya sa muke jan kunne a kan haɗiya shi ne, idan fuloraid ya yi yawa a jikin yaro lokacin da haƙoransa ke ginuwa, sukan fito da fararen ɗigo ko ruwan ƙasa. Mu ma muna da wuraren da ruwan ƙasarsu ke da yawansa. An san yankin Langtang na jihar Filato da wannan. A Tibiri kuma, kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka haƙa a shekarun 1980 ya ɓata haƙoran yara, ya tanƙwara ƙasusuwan ɗaruruwansu. A irin waɗannan wurare ruwan sha ne tushen matsalar, shi ya kamata hukuma ta auna ta gyara. Wadda ke zaune inda ta ga yawancin yaran unguwa haƙoransu sun yi irin wannan launi, ta nemi shawarar likitan haƙori a kan man da ya dace da 'ya'yanta.

KOWACE DA BUKATARTA

Bayan an tabbatar da fuloraid, sai kowace ta dubi halin bakinta.

Akwai wadda ba ta iya shan ruwan sanyi ko shayi mai zafi sai ta ji haƙori ya tsira mata har cikin ƙwaƙwalwa. Sau da yawa dasashi ne ya ja baya, ko ɓawon ya sirance saboda gurzawa da ƙarfi ko yawan shan tsami. Akwai man da aka yi musamman don haka, irin su Sensodyne, wasu kamfanonin ma suna da nasu, za ki ga an rubuta Sensitive a jiki. Yana aiki, amma sai an yi haƙuri, don yakan ɗauki mako biyu ko fiye ana amfani da shi safe da dare. In an yi wata ɗaya ba sauƙi, ko kuma haƙori ɗaya ne tak ke ciwon, to a je asibiti, wataƙila kogo ne ko tsagewa.

Akwai wadda in ta goge baki sai ta ga jini a abin da ta tofar. Wannan alama ce dasashi ya kumbura saboda dauɗar da ta taru a gindin haƙora. Yawanci sai mace ta tsorata ta daina goge wurin, nan kuwa ƙara wa Barno dawaki ta yi. Abin yi shi ne a ci gaba da gogewa a hankali da buroshi mai laushi. Akwai man da aka yi don dasashi, yana taimakawa. Amma idan dauɗar ta riga ta daskare ta zama kanta mai tauri, babu man da zai ɓamɓare ta, sai likita ya kankare da kayan aikinsa. Masu ciwon sukari su ƙara kula, domin ciwon dasashi ya fi kama su.

Masu juna biyu ma haka. Ciki yakan sa dasashi ya yi saurin kumbura da zubar jini. Maganar da ake yi wai kowace haihuwa sai ta ci haƙori ɗaya, wai jariri ne ke zuƙe shi, ba ta da tushe. Abin da ke ɓata haƙoran mai ciki shi ne kwaɗayin zaƙi da tsami, da amai, da kasalar goge baki. Idan an yi amai a kurkure da ruwa, a dakata kamar rabin awa ko awa ɗaya kafin a sa buroshi, saboda tsamin ciki yana tausasa ɓawon haƙori, gurza shi nan take ƙara ɓarna ne. Zuwa wajen likitan haƙori ba ya cutar da ciki, sai dai a gaya masa ana da shi.

Akwai kuma wadda bakinta ke yawan fashewa da ƙananan gyambuna. Wasu daga cikin masu wannan, sinadarin sa kumfa ne ke tsananta musu, sai su gwada man da ba ya kumfa sosai. Yawan kumfa ba shi ne tsabta ba.

'YAMMATA DA FARIN HAƘORI

Yanzu sai mu juyo kanku 'yammata. Iyayenmu a zamaninsu fure da goro suke sawa haƙora su yi ja, shi ne adon lokacin. Yau kuma yayi ya juya, kowace so take nata su yi fari fat kamar na 'yan fim. To ku sani, Allah bai halicci haƙori fari kamar alli ba, yana da ɗan ruwan madara, wani ya fi wani. Man da aka rubuta yana sa fari, iyakarsa ya goge dattin goro, shayi, kofi ko taba da ya hau saman haƙori. Ba ya sake launin da aka haife ki da shi.

Haɗarin yana wajen masu gurza haƙora da gawayi, toka, kanwa, gishiri ko lemon tsami, da masu sayen garin da ake tallarsa a waya ba suna ba adireshi. Waɗannan suna kankare ɓawon ne. Kwana biyu za ki ga haske, amma da ɓawon ya sirance sai na ƙarƙashinsa, wanda yake rawaya, ya fara nunawa, ga kuma tsirawa in an sha sanyi. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Baƙin man nan mai gawayi da ya shigo yayi ma, wani nazari da mujallar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta buga a 2017 bai sami ƙwaƙƙwarar shaidar amfaninsa ba, kuma da yawansu ba su da fuloraid.

Haka nan warin baki. Ƙamshin minti yana rufe shi na ɗan lokaci kawai. Tushensa yawanci dauɗar bayan harshe ce, ko ciwon dasashi, ko abincin da ya maƙale a kogo. A goge harshe, a tsabtace tsakanin haƙora, a sha ruwa isasshe. 'Yan makarantar kwana kuma, kowace ta sa nata buroshi da nata man a akwati. Aron buroshi ƙazanta ce, hanya ce kuma ta ɗaukar cuta, ko da na aminiya ne.

JABU DA JI-TA-JI-TA

Araha ba ta ado. A duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don sa ido a kan abinci da magunguna a Nijeriya, a duba ranar da man zai lalace, a duba ko an taɓa buɗe shi. Wanda rubutunsa duk da wani harshe ne da ba mai iya karantawa, a bar shi. A shekarar 2007 an gano wani sinadari mai guba, irin wanda ake sawa a ruwan birkin mota, cikin wasu man goge baki masu araha da aka yi a Sin aka kai Panama da Amurka da wasu ƙasashe. Wannan guba ce kuma aka samu a maganin fitar haƙorin jarirai mai suna My Pikin, wanda ya yi sanadin mutuwar yara 84 a Nijeriya a ƙarshen 2008 da farkon 2009. Duk abin da zai shiga bakin ɗanki ya cancanci ki tsaya ki duba.

Akwai kuma saƙon da ke yawo a WhatsApp da Facebook, wai ɗan zanen da ke gindin robar, in kore ne man na ganye ne zalla, in baƙi ne guba ce. Ƙarya ce tsagwaronta. Alama ce da injin masana'anta ke gani don ya san inda zai yanke robar ya liƙe. Mai son sanin abin da ke ciki ta karanta rubutun. Man da aka ce na ganye ne ko na itatuwa ba laifi, muddin yana da fuloraid. Tsada ma ba ita ce shaida ba, mai sauƙin kuɗi da ke da rajista da lambar da muka faɗa ya wadatar.

Sannan man goge baki na baki ne. A daina shafa shi a ƙuna ko a ƙurajen fuska. Ƙuna ruwa mai sanyi take so a yi ta kwarara mata na kamar minti 20, in ta yi girma a tafi asibiti.

INA MATSAYIN ASUWAKI?

Wata za ta ce, kakanninmu da asuwaki suka tsufa da haƙoransu 32. Gaskiya ne da yawansu sun yi haka, amma a tuna ba su sha sukarin da 'ya'yanmu ke sha yau ba. Asuwaki sunna ne, yana kuma fitar da dauɗa sosai in an iya riƙe shi, na icen asuwaki ne ko na darbejiya. Ba mu ce a yar da shi ba. Shawararmu a haɗa biyun: asuwaki da rana lokutan alwala, buroshi da man fuloraid kuma sau biyu, da safe da kuma daren kafin a kwanta. Na daren ya fi muhimmanci, domin yawu yana raguwa in ana barci. A ɗauki minti biyu cur ana gogewa. In an gama a tofar, kada a bi da kurkura mai yawa, don ruwan zai wanke fuloraid ɗin da ake so ya zauna. Da azumi a goge bayan sahur da kuma kafin barci. Buroshi kuwa a sake shi duk wata uku, ko da zarar bakinsa ya baje.

Abu na ƙarshe, man goge baki kariya ne, ba ya cike kogo, ba ya kashe ciwon da ya riga ya kama. Cusa shi a ramin haƙori, ko tura ƙwayar magani, ko ɗiga ruwan batir da turare kamar yadda wasu ke yi, ƙone dasashi kawai yake. Kumburin kunci da zazzaɓi maganar asibiti ce a ranar. Haka kuma yaro ƙarami mai rama, musamman wanda ya tashi daga ƙyanda, in dasashinsa ya yi gyambo yana wari, a gaggauta kai shi, don ta haka ciwon noma mai cin fuska yake farawa. Akwai asibiti musamman dominsa a Sakkwato tun 1999, kuma in an tare shi da wuri ana warkewa.

Muna kira ga kamfanonin da ke cinikin nan da su riƙa rubuta bayani da Hausa a jikin kwali, da manyan baƙaƙe, tunda kuɗinmu suke karɓa. Muna kira ga malaman makarantun 'yammata da na Islamiyya da ma'aikatan awon ciki su sa wannan cikin abin da suke koyarwa. Magidanta kuma su lissafa man goge baki da buroshin kowane yaro cikin kuɗin cefane, kamar yadda ake lissafa sabulu da gishiri. Amma dai mafi yawan aikin yana hannun uwa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da yaro ya ga uwarsa tana yi kowane dare shi zai ɗauka.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuriya, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.